Gishiri a Shayin Baba Makwinja

Mulanje, 9 ga Yuni

Zuwa ga Yayata Alinafe,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Ya ƙafar Mama? Ni jikina lau, sai dai na yi abin kunyar da ya hana ni cin abinci.

Kin san Baba Makwinja, wanda ya koya mini aikin ɗanɗana shayi a masana'antarmu. Shekara talatin da huɗu harshensa ne ke raba mai kyau da na banza. Ranar Juma'a aka yi masa walimar ritaya, aka ce ni zan shirya wasanni. Ni kuwa da rawar kaina na karɓa.

An yi tseren buhu, an yi jan igiya tsakanin direbobi da masu tsinkar ganye, an sha dariya. Sai na fito da nawa: kofi biyar na shayi a jere, a rufe wa Baba ido ya faɗi gonar da kowane ganye ya fito. Allah ya sani, so nake kowa ya ga gwanintarsa.

Ya ce mini ƙasa-ƙasa, "'Yata, a bar rufe idon nan mana." Na ce, "Haba Baba, tsoro kake ji?" Aka yi tafi, na ɗaure masa ido da ɗankwalina. Don tsokana kuma, a gaban kowa, na zuba gishiri cokali guda a kofi na huɗu.

Na farko ya kuskure. Na biyu ma haka. Wani direba ya ɗaga murya, "Kai, tsoho wasa yake mana!" Da ya zo na huɗu ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya ce, "Wannan ya fi duka."

Matarsa ce ta taso ta kwance ɗankwalin. A waje ta faɗa mini, tun zazzaɓin da ya yi shekara biyu da suka wuce bakinsa ba ya jin ɗanɗanon komai. Ya rufa asirinsa har ranar ƙarshe, ni na zo na tona shi a gaban manaja.

Yaya, da wane ido zan dube shi?

Ƙanwarki,
Tiyamike

Mulanje, 21 ga Yuni

Yaya Alinafe,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da ƙafar Mama ta yi sauƙi. Faɗanki ya iso, na kuma bi shi: jiya na je gidan Baba Makwinja.

Na durƙusa, kafin in buɗe baki ya ce in zauna. Matarsa ta dire mini shayi ba ko sannu. Kurɓa ɗaya na gane ta rama: gishiri ne zalla.

Baba ya ce, "Ya kika ji shi?" Tambayar da yake mini kowace safiya a wurin aiki ke nan, ni ina zaton jarraba ni yake. Na ce, "Da daɗi, Baba."

Ya yi dariya. "Ƙarya kike, girarki ta hagu ta ɗaga. Shekara biyu ita nake karantawa in gane shayi mai kyau da marar kyau. Ke ke ɗanɗanawa, ni ke sa hannu, ni ake yaba wa. Ran nan da kika rufe mini ido, harshena kika ɗauke. Ni ma ina da kunyar da zan ji a gabanki."

Ya tashi ya ɗauko cokalinsa na ɗanɗana shayi ya sa mini a hannu. Na fashe da kuka, Yaya, don wannan ya fi mini zafi a kan zagi.

Matarsa ta ce, "Kukan ya isa. Shayinki yana hucewa."

Na ɗaga kofin na shanye shi tas. Sai a lokacin ta ce mini sannu da zuwa.

A gai da Mama da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Tiyamike