Shirun Motar Baban Fatu

Kazaure

Zuwa ga Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naka, ya su Adda da yara? Na rubuto ne don na san waya ba ta yi maka amfani tun da kunnen nan ya yi nauyi.

Na fita takaba, na koma aikin unguwarzoma a asibitin Gwiwa. Kullum da motar maigidana, marigayi Baban Fatu, nake zuwa in dawo. Yaya, motar nan ta sauya hali. A hannunsa sai mu manta rabonmu da gidan mai, har yana yi mata kirari wai ita da batir take tafiya, mai ɗanɗano kawai take yi. A hannuna kuwa kamar an huda tankin. Ga tsadar mai tun da aka cire tallafi. In haka ta ci gaba, ko in sayar da ita ko in ajiye aikin, kuma matan ƙauyukan can ba su da wata sai ni.

Tunda irinta kake hawa, ka ba ni shawara.

Ƙanwarka, Muhsina


Babura

Zuwa ga ƙanwata Muhsina,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Allah Ya jiƙan mijinki Nafi'u, Ya raya Fatu.

Mota mai haɗa mai da batir ba ta son gaggawa. Ki riƙa taka totur kamar akwai ƙwai a ƙarƙashin ƙafarki. In ta ɗauki gudu, ki ɗan sassauta, za ki ji inji ya mutu da kansa, batir ya karɓa. Ba lalacewa ba ce, a nan ribar take. In kin hango inda za ki tsaya, ki fara taka birki tun daga nesa a hankali, domin da wannan birkin batir yake cika. Gangaren duwatsun nan na Kazaure kyauta ne, ki bar ta ta sulale. A duba iskar taya, a rage esi mai sanyaya mota da safe, a sauke duk wani nauyi da ke but ɗin baya.

Sai dai akwai abin da ya dame ni. Daudu direba, wanda ke kawo mini wasiƙarki, ya ce ya gan ki a hanyar Roni kin wuce shi kamar ana bin ki, rediyo yana ta ihu. Ba haka na san ki ba. Me ke faruwa?

Yayanki, Halliru


Kazaure

Yaya,

Ina gaisuwa. Duk abin da ka rubuto na sani, Baban Fatu ya koya mini tun yana zaune a gefena. Da gangan nake danna totur, don kada injin ya yi shiru.

An gaya maka ciwon zuciya ne, amma ba a gaya maka yadda aka same shi ba. Yana dawowa daga gonarsa ta Roni ya ji abin ya taso masa, ya gangara gindin wata tsamiya ya tsaya. Bai kashe motar ba. Ka san halinta, in ta tsaya ba ta ko tari. Mutane suka yi ta wucewa tun hantsi, suna zaton hutawa yake yi. Sai wajen la'asar wata mai tallan nono ta ji motar ta tashi da kanta, ta yi gurnani, ta sake mutuwa, mai ita bai motsa ba. Ta leƙa, ta ƙwalla ihu.

Yanzu duk lokacin da injin ya ɗauke, sai in ji ni a cikin wancan shirun tare da shi. Sai in ji kamar kujerar gefe ta yi nauyi. Ba na iya waiwayawa. Buhun geron da ya ɗauko ranar yana nan a but, hannuna ya ƙi taɓa shi.

Kada ka gaya wa Adda, za ta ce a nemo masu ruƙiyya.

Muhsina


Babura

Ƙanwata,

Na karanta takardarki. Ki yafe mini, ina ta zancen iskar taya ban san abin da kike ɗauke da shi ba.

Wanda ya tafi ba ya dawowa, kin sani, na sani. Amma sani bai taɓa hana kewa ta zauna a kujera ba. Ki yi masa addu'a duk lokacin da kika zo tsamiyar nan. Geron kuma ki sa a sauke a yi masa sadaka da shi kafin ƙwari su cinye.

In kin ga ba za ki iya ba, ki aiko mini da motar, ki karɓi tawa. Duk da dai ita ma shirun take yi.

Yayanki mai ƙaunarki, Halliru


Kazaure

Yaya,

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Geron an yi sadaka da shi. Motar kuma ban aiko ba, ga abin da ya faru jiya.

Da azahar aka kawo mini wata mata, haihuwa ta zo da gardama, jini yana zuba. Dole sai babban asibiti a Kazaure. Motar asibitinmu ta fita, muka kwantar da ita a bayan tawa, mijinta Sama'ilu ya zauna a gaba. Muna hawa titi fitilar mai ta kama. Gidan man da nake dogaro da shi a rufe.

Sama'ilu ya ce, "Malama, don girman Allah ki taka!"

Na ce, "In na taka, a daji za mu kwana da ita."

Na kashe esi, na kashe rediyo. Na ɗaga ƙafa. Ina barin ta ta sulale a kowane gangare, raina kuma yana ce mini kashe matar nan nake yi da sanyin jiki. Daidai tsamiyar injin ya ɗauke. Yaya, ƙafata tana neman totur. Sai na ji numfashi a bayana, siriri, yana fita da ƙyar. Na matar ne. Da injin yana ruri da ban ji shi ba. Shi na yi ta sauraro har ƙofar asibiti, in ya yi rauni in kira sunanta.

An shiga da ita tiyata. Har na baro ba ta farfaɗo ba. Ka sa ta a addu'a.

Muhsina


Kazaure

Yaya,

Ta tashi, ita da 'yarta. Alhamdu lillahi.

Sama'ilu ya zo har gida yin godiya. Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure yana murza hularsa, ya ce, "Malama, akwai abin da nake son tambaya. Tun daga Roni har muka shigo gari kina cewa 'to, na ji, na sassauta.' Ni kuwa ban ce miki komai ba. Da wa kike magana?"

Ban san na yi magana ba, Yaya.

Motar dai zan riƙe ta. A gaida Adda.

Ƙanwarka, Muhsina