Ƙullin da Ba Nawa Ba

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba wanda ya tsaya a kaina. Na jaddada haka ne don shekara talatin da ɗaya na yi a kotun ɗaukaka ƙara, na ga yadda 'ya'ya ke mai da mamaci mahaukaci saboda gida ɗaya.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda Allah ya tsara. Kada wani tsohon abokin aikina ya sa baki. Masu zuwa duba ni kwanan nan bakinsu na yi mini sannu, idonsu na kan ƙofar ɗakin karatu. Ciwo ne ya kwantar da ni, ban makance ba.

Na biyu. Babba, rigar aikina taka ce, amma ka ninke ta ka ajiye, kada ka rataye ta a falo don baƙi. Kai da ƙanwarka Likita ku bar gabar nan a kan wanda ya zaɓa mini asibiti. Ni na zaɓa. Shirun da ya sauka tsakaninku farat ɗaya a makon jiya ma bai kwanta mini ba, ban sani ba ko shiri ne ko haɗa baki.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. A durowar ƙasa ta teburina akwai koren fayil. Shari'ar wani direba ce da aka ɗaure rai da rai a kan shaidar mutum ɗaya, wanda ya canja magana sau uku. Mu uku muka saurari ƙarar. Na rubuta shafi goma sha tara cewa a sake shi. Ƙaraminmu ya ce duk inda na karkata nan zai bi. Sai shugaban zaman ya kira ni ofishinsa, ya zuba mini shayi da kansa, bai ambaci direban ba ko sau ɗaya, sai zancen kujerar da za ta zama ba kowa a kotun ƙoli. Washegari na janye rubutuna, na ɓoye shi a fayil ɗin nan, na sa hannu a ƙarƙashin nasa. Matar direban tana bencin baya da goyo ranar da aka karanta hukuncin. Shekara shida mijinta ya yi ya rasu a gidan yari. Kujerar kuwa wani aka ba. Wallahi kunyar wannan ba ta taɓa sakina ba, ko mahaifiyarku ta bar duniya ba ta sani ba.

Na huɗu. Kowane fayil da ya bi ta hannuna da jan zare nake ɗaure shi, ƙulli biyu, bakin zaren ya kalli dama. Haka nake gane wanda magatakarda ya leƙa. Ran Talata na lallaba na duba koren fayil ɗin, na tarar bakin zaren ya kalli hagu, ga ashana a kan teburin mutumin da bai taɓa shan taba ba. Bahago ɗaya na haifa. Auta, kai ne. Ko ra'ayinka ne ko aiko ka aka yi, ban sani ba, kuma na fi zargin na biyun. Na san abin da kuke tsoro: sunan gidan nan, da titin da ake cewa za a sa wa sunana. Ba ka ƙyasta ashanar ba, wannan kaɗai ya sa na yi barci.

Saboda haka kai za ka kai fayil ɗin. Jaririyar nan da aka goya yanzu tela ce, shagonta na bayan tsohuwar tashar mota, mai shuɗiyar ƙofa. Sau biyu na sa aka tsaya da ni a bakin titin, na kasa fitowa daga mota. Ka damƙa mata a hannu, shafi goma sha tara cif, Babba da Likita suna tsaye. Kada ku roƙa mini gafararta, kada ku kai mata komai don rufe baki. Ta buga a jarida in ta so. Hakkinta ne ta san akwai alƙalin da ya san ubanta ba shi da laifi, ya yi shiru.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku. Ku riƙe juna, musamman ranar da maganar ta fita mutane suka fara kau da kai in sun gan ku. Ku shiga mota ɗaya ku je, ku dawo a mota ɗaya. Auta, wannan karon ka ɗaure shi da hannunka na hagu, na yarda.