Tayar da ke hannun ɗana

Zuwa ga Hajiya Labiba,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta har ƙarshe ko da rubutun ya karkace, domin sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci. Mutanen gida dai da sauƙi. Maigida ciwon ƙafarsa ya lafa, yana zuwa masallaci da sanda. 'Yata Housseina ta sauka lafiya, namiji. Autata Nimatou tana lakwal, wato makarantar boko. Ni ce ba ni da lafiya, yau kwana goma sha ɗaya abinci ba ya zama a cikina, kuma ba ciwon da likita zai gani ba ne. Sunayen duk na sauya su.

A Zongon Kwatano muke. Ɗana Kassoum mai faci ne, rumfarsa tana bakin titi wajen kasuwar Misebo. Maƙwabciyata Fourera, shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce tsakaninmu, ni na yi mata wankan jego lokacin da ta haifi Wada. Ranar wata Talata Wada yana tura babur ɗin ubangidansa da mai ya ƙare masa, wani ya yi ihun ɓarawo. Jama'a suka taru a kansa. Allah Ya kawo jandarmomi kafin a kunna wuta. Yanzu yana asibiti, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ido ɗaya ya tafi, kuma bai tuna komai ba.

Kin san tun da aka yi taron ƙasa aka sakar wa mutane baki, duk mai injin bugu ya zama mai jarida. Bayan kwana biyu wata jarida ta fito da hoto a shafin farko. Wada a ƙasa, jini har wuya. Wani riƙe da kwalbar fetur. A tsaye a kan Wada kuwa ɗana ne, ya ɗaga taya da hannu biyu, haƙoransa a waje kamar mai dariya. Rigar da ke jikinsa ni na saya masa a gwanjo. Na haɗa baƙaƙen da ke ƙasan hoton ɗaya bayan ɗaya, amma Faransanci ne, sai Nimatou ta fassara mini: wai ga irin shari'ar 'yan Zongo.

Hajiya, abin ƙyama ya yi yawa, ban san ta inda zan fara ba. Na ƙirga fuska goma sha huɗu a hoton, har da mace mai goyo tana leƙe. Mai hoton ya tsaya ya gyara tsayuwa ya ɗauka, ɗan mutane yana shure-shure a gabansa. A unguwarmu jaridar ta ƙare kafin azahar. Waɗanda ba su taɓa sayen jarida ba sun saya, mai shayi ya manna ta a jikin teburinsa, mata suna shigowa yi mini jaje da ita naɗe a cikin mayafi, su zauna suna kallon fuskata.

Na tambayi Kassoum sau uku. Ya ce wasu ne suka sure tayar daga rumfarsa, ya bi su, da ya ga Wada ne sai ya fizge ta daga hannun wanda zai rataya masa. Ya ce haƙoran nishi ne, ba dariya ba. Gaskiya ne tun yana ƙarami haka yake yage baki idan ya ɗaga abu mai nauyi. Amma ga abin da ya tsaya mini a wuya. Ranar Talatar nan ya dawo gida, ya wanke hannu, ya ci tuwo malmala biyu. Fourera ta shigo tana cigiyar Wada, a gabansa, bai ɗago kai ba. Sai washegari ta sami Wada a asibiti. Rigar kuma a ƙarƙashin katifarsa na tsince ta. Da na matsa masa, sai ya ce, “Inna, tsoro na ji a ce da ni.” Tun ranar idan ya miƙo mini ruwa ba na iya sha.

Na kai wa Fourera kunu, ta maido kwanon ko buɗewa ba ta yi ba. 'Yan'uwanta suna so su kai hoton komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Dattawan unguwa sun roƙe su su dakata, sun sa zama a zauren liman ranar Juma'a ta biyu ga watan gobe, Kassoum zai dafa Alƙur'ani. Ƙanena ya ce kada mu jira, a sa shi a mota ta hanyar Seme ya tsallaka Legas. Maigida carbi kawai yake ja.

In na tura shi, na yarda ke nan ya yi. In na bar shi ya rantse, alhali ƙarya ce, da hannuna na kai shi ga halaka. Hoton nan gaskiya ya nuna mini ko ƙarya? Ki amsa mini kafin Juma'ar nan, 'yan kasuwar Kano suna kawo mana jaridarku duk Alhamis.

Uwar mai faci,
Zongo, Kwatano

*

'Yar'uwa,

Wa alaikumus salam. Na tsallake wasiƙu da yawa na sa taki a gaba saboda ranar da kika faɗa. Rubutunki kuma ba abin da ya same shi.

Kada ki tura shi Legas. Ranar da ya tsallaka iyaka, abin da aka rubuta a ƙasan hoton ya zama hukuncinsa har abada, kuma ku da Fourera kun rabu ke nan.

Shekarata goma sha tara a gidan jarida, bari in gaya miki yadda muke yi. Mai hoto yakan kawo fim guda, ɗauka talatin da wani abu. Edita ya zaɓi ɗaya, wadda za ta fi sayar da jarida, ya sa almakashi ya yanke gefe da gefe, sannan wanda bai je wurin ba ya rubuta bayani a ƙasa. Hannun da ke sauke taya da hannun da ke janye ta kamarsu ɗaya a takarda. Don haka hoton bai isa ya ce ɗanki ya yi niyyar kisa ba. Kuɗin goron da aka yi wa Zongo gaba ɗaya kuwa rashin kunya ne, ni ma ya ɓata mini rai.

Amma ba zan lallashe ki da ƙarya ba. Hoton ya faɗi gaskiya guda wadda ɗanki ya ɓoye: yana wurin. Mai hoton da kike ƙyama, ba don shi ba da har yau ba ki sani ba. Ko da Kassoum ceto ya yi, ya bar uwa tana neman ɗanta yana cin tuwo. Wannan laifin nasa ne, ba ya bukatar rantsuwa, ya je ya durƙusa gaban Fourera ya faɗa da bakinsa, ko da za ta kore shi.

Ga abin yi kafin Juma'a. Maigida ya roƙi liman a jinkirta dafa Alƙur'ani. A nemo mai hoton, sunansa yakan fito da ƙananan baƙaƙe a gefen hoto. A biya shi ya wanke duk abin da ya ɗauka ranar, ba yanka, a jere yadda suka zo. Na gaba da na baya za su nuna hannun wa tayar ta fito, kuma ina ta nufa. Kada ku je ku kaɗai. Ku tafi da dattijo ɗaya da ɗan'uwan Fourera, kowa ya gani lokaci guda, kada gobe a ce kun ɓoye wani.

Ki gaya wa Kassoum tun yau cewa za a wanke fim ɗin, ki dubi fuskarsa. Ina jin za ki sami amsarki kafin mai hoto ya ba ki. In fim ɗin ya wanke shi, a kai wa jaridar ta buga. In ya kama shi, ki raka shi komisariya da ƙafarki, gara ya amsa a nan da ya dafa Littafin Allah a kan ƙarya. Ko wanne ya fito, ɗanki ne, kuma Wada yana kwance da ido ɗaya. Ki ci gaba da kai kunun.

Allah Ya ba Wada lafiya, Ya raya jaririn Housseina, Ya ba ki ƙarfin kallon abin da za ki gani.

Hajiya Labiba