Tsohon Ƙullun Inna

Zuwa ga ƙanwata Luba,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Ikko? Ya maigida da ɗiyanki, ya ƙahwar taki? Mu nan Magarya lahiya lau, sai kewa.

Kin tuna ƙullun da Inna ke ragewa a ƙwarya don shi tada masar gobe? Tun rasuwarta ban bari ya mutu ba. Da can maƙwabta kan aiko a ɗiba musu. Yanzu duk sun koma yis na leda, ba mai ko sallama.

Shekaranjiya wata malamar jami'a ta zo roƙon cokali guda. Na ce, "Mi za ki yi da shi?"

Ta ce, "Hajiya, ƙananan halittu ne ciki, su ke tada ƙullu. Muna adana irinsu cikin sanyi, wanda duk ya nema mu ba shi."

Na ce ta rubuta sunan Inna jikin kwalbar. Da ta tahi na toya masa, na cika akushi, na rasa wanda zan kira.

Ki sa ni addu'a, ki gaida yara. In kin zo ba ki iske ni ba, Luba, ƙullun na wurinsu. Ki je ki amsa.

Yayarki,
Hauwa