Bindigar Baba Ta Samu Aikin Yi

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara muku rufin asiri a can inda kuke. Mu nan kowa ƙalau, sai Inna da gwiwa ta matsa wa, har ta kai sai an riƙe ta take sauka matakalar ƙofar ɗakinta. Ɗanka yana nan, ya kusa gama koyon gyaran lantarki, gemu har ya soma fitowa.

Saƙonka ya iso, inda ka ce in ɗauko bindigar farautar marigayi Baba in damƙa wa ɗanka, ya shiga ƙungiyar masu kare jama'a daga zaluncin gwamnati. Na ji dogon bayaninka cewa al'ummar da ba ta da makami garken tumaki ce. Littattafan da ka samo wannan magana ni ma na karanta su, wasu ma ni na ara maka ba ka dawo da su ba. Zalunci kam akwai shi, ba sai an aiko mana da labarinsa ta waya ba. Amma tunda hotunan jaruman nan kawai kake gani, bari in gaya maka ko su wane ne.

Shugabansu mai facin tayar nan ne na bakin titi, wanda yanzu ba ya amsawa sai an ce Kwamanda. A garejin bayan shagonsa suke taruwa. Kafin su koyi riƙe bindiga sai da suka ɗinka kaki, suka yi ta rigima a kan muƙami, kuma har yau ban ga ƙaramin soja ko ɗaya a cikinsu ba, kowa janar ne. Ranar da hukuma ta turo motar rusau ta kwashe rumfunan kasuwa, ina tsaye, ko hular ɗayansu ban hango ba. Da na tambayi Kwamanda, sai ya ce wai dabarar yaƙi ce, ba a tarar abokin gaba a ranar da shi ya zaɓa. Na ce to Allah ya sa gwamnati ta riƙa shawara da shi kafin ta sa rana.

Kada fa ka ce ba su taɓa harbi ba. Makon jiya wani direba ya ajiye motarsa a ƙofar shagon Kwamanda, ya ƙi matsawa. Nan da nan janar-janar suka fito cikin kaki, aka harba ɗaya sama don a razana azzalumi. Harsashin ya huda tankin ruwan makarantar yara, ana tsakiyar karatu. Direban kuwa sai da ya gama cin abincinsa ya tashi. Ɗanka yana wurin, yana tafi. Tafin nan ne ya tsaya mini a rai, domin rundunar da kowa janar ne, ƙaramin soja guda take nema wanda za ta tura gaba, kuma ɗanka ta hango.

Don haka na ɗauko bindigar kamar yadda ka ce, sai dai wurin mai walda na kai ta. Ya cire bututun, ya yi masa ƙafafu, ya kafa shi a gefen matakalar Inna. Ɗanka ya yi fushi, ya daina gaishe ni. Na fi son haka da in riƙa kai masa abinci gidan yari. Idan kana ganin na yi wa juyin juya hali zagon ƙasa, ka taho da kanka, har yanzu gurbin ƙaramin sojan yana nan.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da 'yan biyu da Auta. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka. Inna ma tana gaishe ka, yanzu da kanta take sauka tana dafe da ƙarfen. Ta ce a gaya maka, tun da Baba ya sayo bindigar nan bai taɓa kawo ko zomo gida ba, sai yanzu ta ga amfaninta.

Naka,
Yayanka