Sunayen da Ke Cikin Huluna

Zuwa ga marigayiya Yaya Hauwa, shugabar ma'abota allura da zare,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ban girma, ƙaninki Sani, wanda ya naɗa kansa Jakadan Huluna a birnin Makka, yana gabatar da rahoton faɗuwarsa warwas.

Kin tuna, da yaƙi ya lafa, kika tara matan garinmu da aka kashe wa mazaje, kuka kafa ƙungiyar ɗinkin hula. Dokarki ita ce kowace ta ɗinka sunanta a cikin hularta, haƙƙinta kuma ya isa hannunta cikakke, ba dillali. Kina cewa, "An ƙone mana gidaje, ba za a goge mana suna ba."

Bayan rasuwarki matan suka aiko mini huluna buhu guda in sayar. Ni kuwa, bisa zurfin hikimata, na kai shi Mina ranar da alhazai suka sauka. Yaya, maza iya ganin ido, kowa cikin harami, babu wanda shari'a ta yarje wa rufe kai! Na yini ina tallar hula ga kawuna tsirara. Wani dattijo ya tambaya ko aiko ni aka yi in ɓata masa Hajji.

Da aka yi aski aka kwance harami, alhazanmu suka taru suna taya huluna, sai na faɗi gaskiya cewa ɗinkin gida ne. Suka watse. Wai ba su hau jirgi don su koma da tsarabar garinsu ba.

Yanzu alhazai suna ta tafiya. Wani mai shago a unguwar Kudai, nan Makka, ya ce zai kwashe duka, da sharaɗin in farke sunayen, ya sayar a matsayin kayan Makka. Inna Falmata, wadda ta gaje ki, ta turo saƙon murya: in buhun nan ya dawo, matan za su ajiye allura su koma sansanin 'yan gudun hijira bin layin abinci.

Jiya na ɗauki reza, Yaya. Wallahi na ɗauka. Hular farko da na juya, sunanki ne da jan zare, harafin ƙarshe a karkace, lokacin hannunki ya fara rawa.

Na ajiye rezar. Ban sani ba ko na kyauta wa matan nan ko na cuce su. Gobe zan tsaya a tashar motocin alhazai ta Kudai, in juya kowace hula ciki waje, in riƙa kiran sunayen da ƙarfi har motar ƙarshe ta tashi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya kawo mini kai ko guda ɗaya.

Ƙaninki, jakadan da dabara ta ƙare wa,
Sani