Abin da Ya Sa Babur Ɗin Yaya Norkuzi Yake Tsayawa a Maƙabarta

Tutzor, 19 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Sotvoldi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe bai ga fuskar ɗan'uwansa ba, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Zulhumor da yara. Yaya sanyin Novosibirsk, an ce har ya fara? Yaya gwiwar nan taka da tsayuwar kasuwa? Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a neman da kake yi, Ya dawo mana da kai muna raye. Mu nan sai godiya. An kusa gama cirar auduga, inabin tsakar gida ya yi 'ya'ya har sai da muka tokare rumfar da sanda, matar yayanka Hurriniso kuma tana nan da ƙarfinta da bakinta. Na san ɗana Botirali ya sanar da kai ta waya cewa ƙanwarsa Gulchehra ta sauka, amma abin da ke raina ya fi ƙarfin waya. Ka yi haƙuri da rubutun. Hannun da bai riƙe biro sosai ba sai a ajin yamma, bayan ya wuce shekara talatin, ba ya tafiya a kan layi.

Sotvoldi, shekara tara yarinyar nan tana jira, muna jira tare da ita, sai ga Allah Ya kawo mace, an sa mata suna Intizor. Ranar da aka miƙo mini ita na rasa yadda zan yi da hannuwana. Gashi cike da kai, baƙi wuluk, ga goshin mahaifiyarmu sak. Ta kama ɗan yatsana ta ƙi saki, ni kuwa na tsaya ina hawaye a gaban surukai ba kunya. Har yau in ina ban ruwa a lambu sai in ji ina dariya ni kaɗai.

Ka san haihuwar fari ce, don haka beshik a kanmu yake, mu iyayen uwa: gadon jaririn na katako, da katifunsa da mayafansa, da gurasa da kayan zaƙi, a kai su gidan mijin a Okarik ranar kwana arba'in. Ka kuma san wanda ya ɗauko Gulchehra daga asibiti ranar da aka haife ta. Yaya Norkuzi ne, Allah Ya jiƙansa, a cikin kwandon ƙarfen da ke gefen babur ɗinsa, ita da uwarta an lulluɓe su da bargo. Abin da ba ka sani ba shi ne, a ciwonsa na ƙarshe, shekara huɗu ke nan, da ya miƙo mini makullin babur ɗin, cewa ya yi duk ranar da Gulchehra ta haihu, da wannan babur zan kai mata gadon. Na ce masa to. Makullin yana nan yadda ya ba ni, da zarensa da wata 'yar siririyar waya a ɗaure, wadda ban taɓa sanin amfaninta ba, ban kuma iya cire ta ba.

Saura mako uku bikin kai gadon na fito da babur ɗin na yi masa hidima. Na canja baƙin mai, na wanke kabureta, na ɗaure wayoyin ƙafa da suka saki, na sayo koren fenti na shafe shi shafi uku tun daga tanki har kwando, ya fito kamar ango. Washegari na cika tanki har baki, yadda Yaya ya koya mana, na buga kik, ya tashi da wannan ƙarar tasa da kaji ke gudu, na kama hanyar Okarik don gwaji. Tafiya lafiya lau. Ina isa daidai ƙofar maƙabarta sai ya fara tari, ya yi jijjiga biyu, ya mutu. Na sauka na yi wa Yaya da su Baba addu'a tunda ga ni ga su, na buɗe tanki na ga mai cike, na goge fulogi, na buga kik, ya tashi kamar ba abin da ya faru. Na juyo gida ina ta tunani. Kwana biyu na sake fita, ya sake mutuwa a wurin. Karo na uku ma haka, ko taku ashirin bai goce ba.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika ƙauye. A rumfar shayi, Usta Kamchibek bakanike, wanda ka sani da bakinsa, ya ce wai ni da babur ɗin duk tsofaffi ne, in mun zo wucewa dole mu tsaya mu leƙa ɗakin da aka tanadar mana. Ya ce wai in daina wahalar da kaina, in bar masa shi ya yi wa tumakinsa kwamin cin abinci da kwandon. Na ce masa tsohon banza, kai da ko keken jikanka ka gyara sai an tura. Duk da haka ya zo gida ya duba, ya canja fulogi da tiyon mai, ya hura kabureta, ya rantse wai yanzu ko Tashkent zan je. Washegari ya hau bayana muka tafi tare, babur ya mutu a ƙofar maƙabarta, sai ga Usta ya ɗaga hannu yana addu'a ya fi ni daɗewa. Hurriniso kuwa tun farko ta yanke hukunci: wai baban yara, Yaya ne ya yi fushi don ka taɓa masa launin babur. Ta turara babur ɗin da hayaƙin maganin baki har sau biyu, ta soya fanke ta raba wa maƙwabta sadaka.

Wanda bai yi dariya ba shi ne Botirali. Ya same ni a lambu ya ce wai Baba, babur ɗin nan ya girme shi da shekara goma, ya isa a ba shi fansho. Ya ce in yi tunanin ranar, motoci a jere, masu kakaki suna busa, surukai suna jira a ƙofa, gadon jaririyar da aka yi shekara tara ana roƙo kuma ya tsaya cak a bakin maƙabarta. Me mutane za su ce, me zuciyar Gulchehra za ta raya mata? Gaskiya kuwa ya faɗa. Muka yi da shi cewa in har ranar Alhamis ta jajibirin biki babur bai je Okarik ya dawo ba tare da ya mutu ba, a mota za a kai gadon, babur ɗin kuma a tura shi ɗakin shanu a rufe. Na amince da baki, amma alkawarin Yaya ya tsaya mini a ƙirji.

Sai dai in gaya maka gaskiya, ɗan'uwa, son sanin dalili ya fi tsoron ƙarfi a raina. Ban yarda Yaya zai hana gadon da shi da kansa ya ce a kai ba. Kuma ƙarfe bai san kabari ba. To me ya sani? Na tuna malaminmu na ajin yamma da yake ce mana in abu ya rikice, a canja abu ɗaya kawai, a rubuta abin da aka gani. Na ɗauko ragowar littafin makarantar jikokina na fara. Na fita da sassafe da sanyi, ya mutu a wurin, ashe ba zafin inji ba ne. Na fita ba tare da na goge fulogi bayan ya mutu ba, ya tashi, ashe ba fulogi ba ne. Sannan na canja hanya gaba ɗaya, na bi ta gonakin auduga inda babu ko kabarin kyanwa. Sotvoldi, ya mutu a gindin famfon ban ruwa! Na yi murna kamar an ba ni kyauta. Agogon tafiyarsa ya daɗe da lalacewa, don haka na koma na ƙirga turakun lantarki: daga gida zuwa maƙabarta tamanin da shida, daga gida zuwa famfo tamanin da huɗu. Ashe nisa yake ƙirgawa, ba matattu yake gaisarwa ba. Da na kai labarin rumfar shayi, Usta ya ce wai a bincika, ƙila akwai wani waliyyi a ƙarƙashin famfon.

Na san nisa ne, amma ban san me ya sa ba, ga kwana yana ƙarewa. Ranar Laraba da hantsi ina zaune a kan dakalin inabi da littafina, Hurriniso ta kawo shayi a ɗaya daga cikin sababbin butocin da ta sayo a kasuwar Rishton saboda baƙi. Ta fara zubawa a kofi tana mayarwa sau uku kamar kullum, sai na ga butar tana zuba kaɗan ta tsaya, ta yi ɓul-ɓul, ta sake tsayawa. Ta ɗaga murfin, shayi ya zubo shar. Ta juya murfin ta duba, ta yi tsaki, ta ce wai maginin nan ya bar ruwan ƙyalli ya toshe 'yar hudar murfin, buta kuwa in ba ta shaƙi iska ta sama ba, ba ta bayarwa ta baki. Na tsaya ina kallonta. Na buɗe littafi, ga shi da hannuna na rubuta har sau huɗu cewa duk lokacin da na buɗe tanki yakan yi tsss. Na rubuta, ban gane ba. Ashe ba addu'ata ce take tayar da shi ba, buɗe murfin ne.

Na tashi ko takalmi ban sa ba. Na kwance murfin tanki na kanga shi a rana, na kankare da farce, sai ga alamar wata 'yar huda a tsakiya, fentina shafi uku ya rufe ta ruf. Shekara arba'in ina ganin murfin nan ban taɓa lura da ita ba. In tanki ya cika har baki, mai yana sauka, iska ba ta shiga, sai man ya tsaya, injin ya ƙare ɗan abin da ke cikinsa daidai turke na tamanin da wani abu. Na karɓi allurar Hurriniso, ta yi kauri, ba ta shiga. Ina lalube a aljihu sai hannuna ya taɓa makullin. Na dubi 'yar wayar nan ta Yaya. Na zura ta, ta shige kamar don hudar aka yi ta, busasshen fenti ya faɗo a tafina. Na zauna a ƙasa a wurin na daɗe. Matar yayanka ta tsaya a kaina ta ce wai ashe ba Yaya ne ya yi fushi ba, kai ne ka toshe wa bawan Allah hanci, sadakar fankena kuma sai ka biya ni. Amma na ga tana share ido da gefen ɗankwali. Ranar Alhamis na je Okarik na dawo, Botirali a bayana, ko tari bai yi ba.

Ranar biki muka ɗaure gadon a kwando da mayafinsa na karan-miski ja, gurasa a naɗe a ƙyalle a gefensa, Hurriniso a bayana ta riƙe ni kamar za ta karya mini haƙarƙari, motoci huɗu da masu kakaki suna biye. Injin yana tafiya sumul. Da muka zo ƙofar maƙabarta na saki totur, na murɗa makulli na kashe shi da hannuna. Kakaki ya yanke. Sai ga Botirali ya fito daga mota a guje fuska ba jini, yana cewa wai Baba ai na faɗa maka, har ya kai hannu zai kwance igiyar gadon. Na ce masa ya sauke hannu daga igiya ya ɗaga shi sama. Ya dube ni, ya dubi makullin, ya gane. Duk aka firfito aka tsaya a bakin hanya muka yi addu'a. A zuciyata na ce wa Yaya ga gadon, ga babur, ga ni ban saɓa ba. Sannan na buga kik sau ɗaya tak, ya tashi, Usta Kamchibek yana ihu daga baya wai wannan karon ma shi ya gyara. Da azahar tsofaffin mata suka kwantar da Intizor a gadonta, ta yi barci ana tsakiyar cin osh, dafa-dukan shinkafar biki.

Yanzu ga tambayata, ka amsa mini a takarda ba a waya ba. Kai da ka fi ni yawo a bayan Yaya kuna samari, ya taɓa nuna maka hudar nan? Ka san amfanin wayar? In ka sani ka yi shiru duk shekarun nan, akwai magana tsakaninmu. Kuma me ya sani game da babur ɗin nan da bai faɗa mana ba? Akwai wani ƙaramin ƙusa a ƙarƙashin kujera da aka ɗaure da jan zare, tun jiya nake kallonsa, ban taɓa ba.

Ka gaishe mini da Zulhumor, ka ce mata an ajiye mata busasshen inabi. Ka gaishe da Mirjalol da Nigina, su dage da karatu tun da ƙuruciya kada su yi irin nawa. Hurriniso da Botirali da iyalinsa suna gaishe ku, Gulchehra ta ce a gaya wa Baba ƙarami 'yarsa tana jiran ya zo ya sa mata albarka. In ka zo da bazara, da babur ɗin zan tarbe ka a tasha, kwandon naka ne. Za mu tsaya a wurin Yaya a hanya, amma mu za mu kashe shi da kanmu.

Naka yayanka mai kewarka,
Ergashali